Shekarar da Burduddugi Bai Yi Kuka Ba

Matso nan kusa da ni, mai karatu, janyo tabarma ka zauna. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a cikina, yau nake so in sauke ta. Kada ka duba rubutun, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, shi ma da goyo a baya. Kunne dai Allah ya ba ni, kuma abin da zan ba ka da kunne na tara shi.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko a nan Kazaure. Tun la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso tana dukan kwanon rufi, kafin magariba ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan, jikokina suna ta tsalle a cikin taɓo, ɗana yana duba wayarsa yana cewa wai masana sun ce daminar bana za ta yi kyau. Ni kuwa sai na tsinci kaina a bakin ƙofa, buta a hannu, na karkatar da kai gefe guda. Surukata ta tambaye ni ko wuyana ne ke ciwo. Na ce mata a'a. Ban gaya mata ba cewa shekara hamsin ke nan da 'yan kai, duk safiyar ruwan farko haka wuyan nan yake karkacewa da kansa.

Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Daga bayan dangar gidanmu ƙasa take gangarawa a hankali har ta kai ga fadama, fadamar kuma ta bi gefen rafi ta miƙe iya ganinka. Ni ba mai yawo ba ce, har yau in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, ba a ganina a waje. Amma fadamar nan na san ta kamar tsakar ɗakin Inna. Ko da za a rufe mini ido a ajiye ni a bakinta, zan faɗa maka watan da ake ciki.

Da bazara ƙasarta takan tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa. Ba ka jin komai sai kurciya da gyare, da iska mai zafi tana kaɗa ganyen goruba. Sai wata safiya ka ji ƙwas-ƙwas na baki a kan tsamiyar ƙofar gari, ka san shamuwa ta iso, ruwa yana tafe. In damina ta zauna, rafin ya cika ya tumbatsa, fadamar ta zama wani farin faranti. Kirinjijiya, agwagin dajin nan, su zo garke-garke suna fito kamar samari a kasuwa, dinya ta wuce ta samanka kana jin nauyin fukafukanta, bado ya buɗe fari fat, sauro kuwa ba a magana. Da kaka ruwa ya fara ja da baya, gauraka su sauka a bakin shinkafa suna busa kamar masu ƙaho, garken tsuntsun jan-baki ya taso kamar hayaƙi, mu yara muna ta kaɗa gwangwani har murya ta dishe. In sanyi ya shigo sai Fulani su gangaro da shanu cin burugu, balbela na biye da su, jigon ban-ruwa yana kuka ƙiii a lambunan albasa. A lokacin ne wasu 'yan tsuntsaye masu siririyar ƙafa suke zuwa suna gudu a bakin ruwa. Ba mu san sunansu ba, baƙi muke ce musu.

Kakana na wajen uba, Malam Ilu, shi ya koya mini sauraron duk wannan. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya, irin wasan jika da kaka. Ba shi da wata sarauta, amma in maganar shuka ce, rabin garin bakinsa suke kallo. Dokarsa guda ɗaya ce, ya gada daga ubansa: ba a fitar da iri sai burduddugi ya yi kuka.

Ko ka san burduddugi? Wani ƙaton kwaɗo ne, ya kai faɗin tafin hannun babban mutum. In ruwa ya janye sai ya nutse cikin laka ya yi ƙasa sosai, ya kwanta a can duk tsawon rani. Tsoho ya ce ƙananan kwaɗi 'yan gulma ne, ko yayyafi aka yi sai su cika gari da surutu. Shi kuwa burduddugi ba ya motsi sai danshi ya sauka ya taɓa shi a inda yake kwance. In ka ji muryarsa, wata irin murya mai kauri kamar ɗan maraƙi a cikin rijiya, to ƙasa ta sha har ciki, irin da ka zuba ba zai ƙone ba ko an yi kwana goma ba ruwa. Saboda haka ya haramta wa duk ɗan gidansa taɓa shi. Akwai ma wani kwari a ƙarƙashin wani tsohon marke, inda laka take daɗewa ba ta bushe ba. Rumbun fadama yake ce wa wurin. Ko masu haƙar gaiwa, kifin nan da shi ma yake kwana a cikin busasshiyar laka, ba sa kai fartanya can.

Da na kai shekara goma sha biyu kunnen Tsoho ya yi nauyi, gwiwoyinsa kuma suka ƙi gangara. Sai na zama kunnensa. Ya ce Babanmu bai iya bambanta burduddugi da jaki ba, ya taɓa sa shi asarar iri. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, da an idar da sallar asuba zan gangara bakin fadama in tsaya, in dawo in durƙusa dab da kunnensa na hagu, wanda ya fi ji.

"Amarya, yau ma ba kwalliya kika zo wa angonki?"

"Wa zai ɓata kwallinsa a kan mai haƙori biyu?"

"Biyun nan sun fi na samarinki ƙarfi. To, me fadama ta ce?"

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ruwa ya yi wa mutane wayo. Aka yi na farko, da yawa suka ruga suka shuka, ya ɗauke, iri ya ƙone. Suka sake, ya sake ƙonewa. Mu muna zaune, Tsoho yana ta tufkar igiya. Sai a ruwa na huɗu na ji muryar, muka shuka sau ɗaya tak, ya tsaya. Daminar ba ta yi albarka ba, abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba, amma mun tsira da iri. Daga nan maganar Tsoho ta ƙara nauyi a gari.

Ranin da ya biyo baya, wanda aka canza kuɗi naira ta shigo, shi ne ranin da ba na son tunawa. Rafin bai tumbatsa ba a daminar, don haka fadamar ta mutu da wuri. Kirinjijiya sun zo sun yi kwana kaɗan suka tashi. Gauraka ban ji su ba ko sau ɗaya. Fulani suka gangaro suka tarar ba burugu, suka wuce kudu, suka bar mana gawarwakin shanu a hanya. 'Yan baƙin tsuntsayen nan na ga guda uku a bakin wani ɗan kududdufi, washegari babu kududdufin babu su. Jigo ya yi shiru. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a shekarar. In ka tsaya a bayan danga sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga.

Maza masu ƙarfi duk suka tafi cin rani, Babanmu ya bi masu aikin hanya wajen Kano. Gari ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Kafin ya tafi ya ɗaure damin iri, gero zaɓaɓɓe, ya rataye a ɗakin Tsoho, saitin kansa, don kada yunwa ta sa wani ya yi tunani.

Ga yadda yininmu yake. Da asuba ni da Inna mu tafi rijiya, a jira ruwa ya taru a ƙasa a kwarfa. Da hantsi a dama kunu tsararo, wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Daga nan a shiga daji. Mun ci busasshen tafasa da ƙuli har ƙulin ya ƙare. Mun tono saiwar bado. Mun jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki muna zubar da ruwan ɗacin. Mun sussuka ƙarangiya, hannu duk ƙaya, don 'yan ƙwayoyin da ba su cika ludayi ba. Har gidan tururuwa mun tona mun kwashe tsabar da suka tara. Da daddare tuwon dusa, in an samu. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa da azahar sai ka ji shi har cikin haƙoranka.

Ƙanwata Jummai tana goye a lokacin, ba ta kai yaye ba. Nonon Inna ya ƙafe. Yarinyar ta daina kuka sosai, sai wani ɗan ƙara kamar na ɗan kyanwa, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka fara kumbura. Wata rana da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, Inna ta ɗauki fartanya ta ce in zo mu nemo gaiwa. Masu haƙa sun riga sun gama da ita tun cikin sanyi, mun sani, amma muka tafi.

Ni na gano dabarar. Ina tafe ina buga ƙasa da sanda don wasa, sai na ji wani wuri ya amsa daban, kamar ka ƙwanƙwasa tulun da ba komai a ciki. Na ce Inna ta tona nan. Ta yi ta tono har hannunta ya nutse zuwa gwiwar hannu, sai ga shi. Ba gaiwa ba ce. Yana naɗe cikin wata busasshiyar fata kamar ɓawon albasa, ido a rufe, ƙafafu a tattare kamar mai sallah. Da iska ta taɓa shi ya buɗe ido ɗaya.

Inna ta daɗe a tsugune. Jummai tana bayanta, kanta ya langaɓe. Sai ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi a ciki.

A hanya ta tsaya ta kama kafaɗata. Inna 'yar ƙasar Babura ce, baƙuwa ce a garin, kuma ta san abin da za a ce: matar ɗan Malam Ilu ta ciyar da gidan Malam Ilu kwaɗo. Ta san Babanmu ba zai iya zama da ita ba bayan wannan, ko yana so.

"Asabe, dube ni. In wannan magana ta fita daga bakinki, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Ta feɗe shi a bayan ɗaki, ta dafa da kuka da ɗan barkono. Ta tsiyaye romon ta ɗura wa Jummai, ita ma ta sha. Ta aike ni da ƙwaryar Tsoho, ta ce in ce gaiwa ce. Ya ɗanɗana, ya tsaya, ya tauna a hankali da haƙoransa biyu. Ya ce Allah ya yi wa Inna albarka, ya cinye tas.

Cikin mako guda Jummai ta fara kuka irin na mutane. Muka koma. Muka sake komawa. Rana ta biyar muka yi kiciɓis da Gwaggo Dije, maƙwabciyarmu, tana tono a can gefe da ƙaramar fartanya. Ta ce saiwar bado take nema, Inna ta ce mu ma haka. Suka dubi juna, suka dubi ƙullin ɗankwalin Inna da yake motsi. Washegari Gwaggo Dije ta leƙo ta katanga ta ce ko Inna za ta ara mata ni in raka ta neman bado.

Haka aka yi ta arona gida-gida. Ba wadda ta taɓa kiran sunan abin. Kowace tana da nata mai kumburin ƙafa. Ina gaba da sandata ina ƙwanƙwasa, suna biye da fartanya, rana tana dukanmu. Har wani daɗi nake ji, in faɗa maka gaskiya, don manyan mata suna yaba kunnena, wata ta ba ni goruba, wata ta sa mini albarka. Muka cinye gefen gabas, muka cinye na yamma. Da ƙasa ta daina amsawa ko'ina, sai ƙafafunmu suka kai mu ƙarƙashin marke. A nan ko ƙwanƙwasawa ba sai an yi ba, suna kwance kusa da juna kamar dankali. Kwana huɗu muka yi a wurin. Ba wadda ta ce a bar wasu. Kowace tana ganin ta bayanta za ta kwashe.

Shamuwa ta makara a shekarar, kuma 'yan kaɗan suka zo. Babanmu ya dawo da ɗan buhun garin rogo a ka, ya rame har na kusa in kasa gane shi. Kwana uku da dawowarsa aka yi ruwa, ruwa na gaske, tun azahar har bayan la'asar. Tsakar gidanmu ta zama tafki. Mata suna guɗa, yara suna wanka a ƙarƙashin indararo.

Da asuba na gangara. Ƙananan kwaɗi sun cika duniya, kamar ana kaɗa dubun ƙoƙuna. Na karkatar da kai ina neman muryar nan mai kauri a ƙarƙashinsu. Na tsaya har rana ta fito. Ramukan da muka tona duk sun cika da ruwa, suna ƙyalli a jere har gindin marke. A nan ne abin ya faɗo mini. Wallahi kafin wannan safiya ban taɓa haɗa tonon da shukar ba. Yunwa ba ta barin mutum ya yi tunanin wata mai zuwa.

Na dawo na durƙusa. Tsoho ya tambaye ni me fadama ta ce. Na ce ban ji shi ba. Ya gyaɗa kai ya ce to ruwan bai kai ba, a jira.

Rabin gari suka fita da sungumi a ranar. Gidaje shida suka tsaya tare da mu, har da gidan Gwaggo Dije, don sun tuna bara. Bayan kwana huɗu aka sake ruwa. Na gangara, na dawo, ban ji shi ba. Aka sake. Shukar mutane ta tsiro, ta yi kunne biyu, ta yi uku. Fadama ta yi kore shar, bado ya fara leƙowa, har 'yan kirinjijiya suka dawo suna fito. Komai ya dawo sai murya ɗaya.

Babanmu ya tona gonarmu da hannu, ya kawo ƙasar a tafinsa ya durƙusa gaban Tsoho. Ya ce, cikin ladabi, danshi ya wuce kamu guda, ko za a duba. Tsoho ya murza ƙasar, ya shinshina. Ya ce shi ma hannunsa haka ya gaya masa, amma bara ma hannun mutane haka ya gaya musu. Dami ɗaya ne, in ya ƙone babu na biyu. Wanda ke kwance a ƙasa ya fi mu sanin ƙasa. Babanmu ya ce to, ya tashi. Na ji shi a bayan rumbu yana sara wani kututture da gatari, itacen da ba mu da abin dafawa da shi.

Inna kuwa ta daina haɗa ido da ni. In na dawo daga fadama tana daka, sai in ji taɓaryar ta tsaya, in na ce ban ji ba, ta ci gaba. Sau ɗaya na same ta ita kaɗai na buɗe baki, ta ɗaga Jummai ta saɓa a kafaɗa ta fita.

Za ka ce me ya hana ni in ce na ji, a huta? Na yi wannan tunani kullum a kan hanyar dawowa. Amma ina tsoro. In na ce na ji, aka shuka, ruwa ya ɗauke, ni na ƙone damin. Kuma ban taɓa yi wa kunnen nan na hagu ƙarya a kan fadama ba. Kullum sai in ce wa kaina wataƙila akwai guda ɗaya da ya tsira, can nesa, gobe zai yi kuka. Da wannan goben na ci kwana goma sha tara.

A safiya ta ashirin na dawo na tarar da shi a zaune a ƙofar ɗakinsa, damin iri yana rataye a bayansa. Ya fara wasan da ya saba, wai amarya ta fara tsufa tun ba a kai ta ɗaki ba. Ban rama ba. Na durƙusa na sa bakina a kunnensa, na ji warin tabar gargajiya da man kaɗanya.

"Tsoho, ba zai yi kuka ba. Naman nan da ka ci da rani ba gaiwa ba ce."

Bai motsa ba. Ya ce, a hankali, "Na sani. Shekara saba'in ina cin gaiwa, Amarya. Tun loma ta farko na sani. Na ji kukan yarinyar nan ya canza, na yi shiru."

Na ce to me ya sa yake aikena.

"Na ɗauka kun bar iri. Kowa yana barin iri." Ya juyo da fuskarsa gare ni. "Na gindin marke fa?"

Na girgiza kai. Ya daɗe yana kallona da idanunsa masu hazo.

"Ko ɗaya?"

Na ce ni na nuna musu wurin da sandata.

Ya sa hannu ya dafa kaina. Sai ya ɗaga murya ya kira Babanmu. Inna tana bakin murhu, na ga ta miƙe tsaye, ludayi a hannu. Babanmu ya zo ya durƙusa.

"Amarya ta ji shi yau da asuba," in ji Tsoho. "Sauke damin. A gaya wa sauran gidajen."

Ranar muka shuka, mu da gidaje shida. Babanmu yana gaba yana sara da sungumi kamar wanda ake kora, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. A haka har muka kai ƙarshen gona. Geron ya tsiro da kyau, ya yi duhu, ya tashi har ƙirjina. Yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Muka yi ta kallon gabas. Hadari ya haɗu, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Waɗanda suka shuka da ruwan farko, geronsu ya riga ya yi ido, sun sami abin da suka samu. Namu ya bushe a tsaye. In ka murza zangarniya sai ƙaiƙayi ya bi iska. Da ba mu yi asarar kwana ashirin ɗin nan ba, da ya kai.

Sai magana ta tashi a gari. A bakin masallaci, a gindin tsamiya, ana cewa tsufa ya ci Malam Ilu, ya zaunar da gidaje bakwai suna jiran kwaɗo. Wani ya ce kwaɗon ma kurma ne kamar mai shi. Mijin Gwaggo Dije ya zo har ƙofar gidanmu ya faɗi maganganun da ba a faɗa wa dattijo, matarsa tana jinsa ta katanga. Matan garin nan kaf sun san abin da ya faru da burduddugi. Na ga suna wucewa ta gaban Tsoho su durƙusa su gaishe shi, gaisuwa mai tsawo fiye da da, wata ma ta ajiye masa ɗan ƙullin goro. Amma ba wadda ta buɗe baki. Ni ma haka.

Shi kuwa duk wanda ya zo da ƙorafi sai ya ce, haka ne, kuskurena ne, a yafe mini. Bai ƙara kirana da asuba ba. Wasan ma ya daina, sai ya koma ce mini Asabe. Inna ta riƙa kai masa abinci da kanta, ta durƙusa nesa kamar yadda suruka take yi, ta jira har ya gama. In jar dawar da ake rabawa ta agaji ta zo, nata kason take zuba masa. Ban taɓa jin sun yi maganar ba.

Da sanyi ya shigo Babanmu ya ce mu koma Kazaure, ya sami aikin dako a kasuwa. Tsoho ya ce a bar shi ya ga damina ɗaya tukuna. Muka zauna dominsa. Bai kai ba, ya rasu da bazara, shamuwa tana sauka. Waɗanda suka raka shi ba su da yawa. Bayan sadakar bakwai muka ɗaure kayanmu.

An ce mini yanzu fadamar tumatir ce daga wannan gefe zuwa wancan, injinan ban-ruwa suna ruri dare da rana, marken ma an sare. An ce mutane suna samu, alhamdulillahi. Ko burduddugi ya dawo, ban sani ba, ban koma ba, kuma ba wanda zai ji shi a cikin ƙarar inji. Amma bara wata 'yar garinmu ta zo dubiya asibiti ta kwana a nan, muna hira jikarta ta yi nawa wajen shiri, sai na ji ta ce mata, kin tsaya jiran kwaɗo kamar Malam Ilu. Yarinyar ta yi dariya. Matar ba ta san jikarsa ce ni ba. Ashe abin da ya rage na sunansa a garin ke nan.

Babanmu ya rasu bai sani ba. Inna ta rasu a hannuna, na jira ko za ta sake ni daga rantsuwar, ta yi kalmar shahada ta tafi ba ta ambata ba. Gwaggo Dije da sauran duk sun tafi. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka taka gindin marken nan, kuma ga shi na rubuta, da sunansa, ita ma ban ɓoye ta ba. Shi ya zaɓi ya ɗauka don ya rufa mata asiri, ita ta tona don ta raya 'yarta, ni kuma na zo bayan ƙasa ta rufe su duka na kwance abin da suka ɗaure.

To kai da ka zauna ka ji har ƙarshe, gaya mini tsakaninka da Allah: wanke Tsoho na yi, ko Inna na tona?